Folda, Calibre ko manhajar shago: ina za ka tara littattafanka, kuma wanne za ka buɗe yau?

Wani dare na zauna da niyyar karatu, na buɗe foldar da nake zuba littattafai a kwamfuta. Fayil sun haura dubu. Na yi ta gangarawa ina hawowa, in buɗe wannan in karanta layi biyu in rufe, in leƙa wancan, har barci ya fara fizgata ban gama shafi ɗaya ba. A cikin laluben nan na ci karo da littafi guda har sau uku: ɗaya da cikakken sunansa, ɗaya an gutsure rabin sunan, na ukun kuwa jerin lambobi ne kawai, sai da na buɗe na gane shi. Abin ya tsaya mini a rai, domin babu ko ɗaya a cikinsu da na ɗauko a banza. Kowanne akwai ranar da na gan shi na ce wannan kam sai na karanta.

Sai daga baya na fahimci cewa matsala biyu na haɗa a wuri ɗaya. Akwai ta ajiya: ina littafin yake, yaya zan same shi cikin minti ɗaya, kuma zai kasance nan bayan shekara goma? Akwai kuma ta zaɓi: a cikin wannan tarin, wanne zan buɗe yau? Kayan aikin da ya ƙware a ta farko yawanci ba ya taɓuka abin kirki a ta biyu. Wanda ya nemi abu guda ya ɗauke masa duka biyun zai yi ta sauya manhaja, jiya i yau. Don haka daban-daban zan auna su, ajiya tukuna.

Kusan kowa da folda yake farawa, kuma ba abin rainawa ba ce. Ba ta buƙatar koyo, tana aiki a waya da kwamfuta da filash, kuma babu kamfanin da zai wayi gari ya rufe ta. In ka riƙe ƙa'ida ɗaya wajen sa suna, wato marubuci, sannan sunan littafi, sannan shekara, ka rage rabin wahala. Inda take gazawa shi ne fayil wuri ɗaya kawai yake iya zama. Littafin da ya yi magana a kan tarihin likitanci, foldar tarihi za ka kai shi ko ta lafiya? In ka kai shi ɗaya, ranar da ka neme shi ɗayar za ka fara dubawa. In ka kwafa shi a duka biyun, ka fara haifar da irin tagwayen da na ba da labari. Tsohuwar matsalar ɗakunan karatu ce wannan. A tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876, lamba ɗaya ce ke nuna mazaunin kowane littafi, saboda littafin takarda ba zai zauna a wuri biyu lokaci guda ba. Littafin lantarki ba shi da wannan takurar, folda ce ke ƙaƙaba masa ita. Ga shi kuma in ka yi ta cusa folda cikin folda da dogayen sunaye, a Windows kana iya cin karo da tsohuwar iyakar nan ta haruffa 260, fayil ya ƙi kwafuwa. A ganina folda ta ishi mai littafi ɗari biyu ko uku, wanda har yanzu yana iya tuna abin da ya mallaka. In an wuce nan, kan mutum ne ke ɗaukar kayan da ya kamata tsari ya ɗauka.

Manhajojin shagunan littattafai, irin su Kindle na Amazon, Kobo, Google Play Books da Apple Books, daɗinsu a wajen karatu yake. Ka tsaya a shafi na 140 a waya, ka ɗauki wata na'urar ta buɗe maka daidai nan, har da layukan da ka ja da bayanan da ka rubuta a gefe. Suna ba ka damar haɗa littattafai rukuni-rukuni, kuma littafi ɗaya yana iya shiga rukuni fiye da ɗaya, abin da folda ta kasa. Sai dai an gina su ne don mai saye yana karantawa, ba don mai rumbu ba. Jera littafi ɗari takwas da ɗan yatsa a kan gilashin waya aiki ne mai cin rai, kuma babu inda za ka ƙirƙiri gurbin bayani naka na kanka. Sannan kowane shago da katangarsa: abin da ka saya a nan ba zai bayyana a manhajar can ba.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne maganar mallaka. Da yawa daga littattafan da ake sayarwa a waɗannan shagunan suna ɗauke da makullin hana kwafa da ake kira DRM, kuma abin da ka biya kuɗinsa izinin karantawa ne. A 2019 Microsoft ya rufe sashen littattafai na shagonsa. An mayar wa mutane kuɗinsu, amma littattafan da bayanan da suka rubuta a ciki sun tafi. A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire hanyar da ake sauke littafin Kindle a kwamfuta don a tura shi na'ura ta kebul. Ban kawo waɗannan don in ce a guji shagunan ba, wasu littattafan can kaɗai ake samun su ta halastacciyar hanya. Ka ɗauke su wurin zaman karatu, kada ka ɗauke su ma'ajiya. Kobo yana buɗe EPUB, wani nau'in fayil na littafin lantarki, kai tsaye, kuma tun 2022 ana iya aika EPUB zuwa Kindle ta hanyar Send to Kindle, saboda haka ba dole ba ne rumbunka ya zauna a inda kake karatu.

Wanda tarinsa ya kai ɗaruruwa masu yawa ko dubbai, kuma yana da kwamfuta, ban ga abin da ya kamo ƙafar Calibre, manhajar tsara littattafan lantarki, ba. Kyauta ce, kowa yana iya duba yadda aka gina ta, tana aiki a Windows da macOS da Linux. Kovid Goyal ne ya fara ta a 2006 don ya samu ya yi amfani da na'urar karatun Sony PRS-500 a kan Linux, ta samu sunan da take amsawa yanzu a 2008, kuma har yau ana sabunta ta a kai a kai. Aikinta ya bambanta da na folda tun daga tushe. In ka ba ta littafi, kwafarsa take yi zuwa ma'ajiyarta, ta buɗe masa folda a ƙarƙashin sunan marubuci, ta rubuta bayanansa a wani fayil mai suna metadata.db. Daga nan ba fayil kake kallo ba, bayani kake kallo: suna, marubuci, hoton bango, shekara, harshe, jerin da littafin yake ciki da lambarsa a jerin, da duk laƙabin da ka liƙa masa. Littafin tarihin likitancin nan sai ya samu laƙabin tarihi da na lafiya, ya fito ta duk inda ka ɓullo masa, alhali kwafi ɗaya ne. In kana da EPUB da PDF na littafi guda, a layi ɗaya suke zama.

Tana iya ɗauko bayanan littafi da bangonsa daga intanet ta lambar shaidar littafi da ake kira ISBN, ko ta suna da marubuci. Kana iya zaɓar littafi hamsin ka gyara sunan marubucinsu a bugu ɗaya. Kana iya adana wani bincike, misali duk littafin tarihi da ba ka fara ba, ya zama kamar taga da za ka leƙa ka ga su kaɗai, sauran su ɓuya. Tun daga fitowa ta 6 a 2022 kuma tana bincike a cikin rubutun littattafan kansu. Wannan ya taɓa fitar da ni kunya: na tuna wata jimla da nake so in kafa hujja da ita, na san na karanta ta amma sunan littafin ya kwanta mini, na rubuta kalma uku daga ciki, sai ga littafin da jimlar a gabana. Tana kuma iya mayar da kwamfutarka ƙaramin ɗakin karatu na cikin gida. Ka kunna sashen rabawa, ka buɗe burauza a wayar da take kan wifi ɗaya da kwamfutar, ka rubuta adireshin kwamfutar tare da lamba 8080, ka sauke abin da kake so ba tare da kebul ba.

Amma tana da nata halin, gara ka sani tun kafin ka shiga. Fuskarta cike take da maɓallai, ranar farko sai ta ruɗa mutum. Ba ta son a sa hannu a foldarta: in ka shiga ka sauya sunan fayil ko ka matsar da shi, za ta neme shi ta rasa. Masu ita da kansu sun yi gargaɗi kada a ajiye ma'ajiyar a kan faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa, har suka ambaci Google Drive da suna cewa ana iya rasa bayanai. In kana son kwafi a intanet, ka rufe Calibre tukuna sannan ka kwafi foldar gaba ɗayanta. Wajen jera marubuta kuwa, ta ɗauka kalmar ƙarshe ita ce sunan dangi, don haka sunayen da suka fara da Ibn ko Abu, ko masu gaɓa uku da huɗu, sai ka bi su ka gyara da hannu. Haruffa masu lanƙwasa da na Larabci suna fitowa daidai a cikin manhajar, amma a sunayen folda takan mayar da su haruffan boko zalla, kada wannan ya tayar maka da hankali. Ba ta juya littafi mai makullin DRM, ko da yake kana iya buɗe masa layi don ka san kana da shi da kuma shagon da yake.

Sai maganar PDF, wadda ke ɓata wa mutane da yawa lokaci. Calibre tana juya EPUB zuwa AZW3 na Kindle lafiya lau, domin duk biyun rubutu ne mai gudana wanda ke bin girman allo. PDF kuwa, tun da Adobe ya fito da shi a 1993, aikinsa ya daskarar da shafi yadda yake a takarda. In ka juya shi, lambar shafi da kan magana sai su faɗo tsakiyar jimla, layuka su kakkarye. Wanda aka ɗauki hoton shafukansa ma ya fi wuya, hoto ne kawai, bincike ba ya ganin komai a ciki sai an bi ta kansa da manhajar gane haruffa. Irin waɗannan ka bar su yadda suke, ka ba su suna mai kyau da laƙabi, ka karanta su a babban allo.

Wanda waya kaɗai gare shi, Calibre ba tasa ba ce, don ba a ɗora ta a waya. Manhajoji irin su ReadEra, Moon+ Reader da Librera a Android suna lalube wayar su fito da littattafan da bangonsu, su jera su ta marubuci, su nuna inda ka tsaya. Hanya mafi aminci a nan ita ce ka haɗa biyu: folda mai tsabtar suna a ƙasa, manhaja a sama. Dalili kuwa, rukunonin da ka tsara a cikin manhajar yawanci a cikinta suke zaune, ranar da ka sauya waya ba ka fitar da kwafinsu ba, fayil ɗin kaɗai za su biyo ka. Ɗalibi ko mai bincike da yawancin tarinsa maƙalu ne na mujallun ilimi, manhajar Zotero ta fi dacewa da shi. A Jami'ar George Mason ta Amurka aka fara ta a 2006, kuma gwanintarta tsara manazarta ce a cikin rubutu, abin da Calibre ba don shi aka yi ta ba.

Akwai rami guda da mai Calibre yake yawan faɗawa: gyaran ma'ajiya ya cinye lokacin karatu. Mutum ya kwana yana neman bango mai kyau, ya ƙirƙiri laƙabi ɗari biyu waɗanda rabinsu littafi ɗaya ne ke amsa su. Masanin ɗakunan karatu na Indiya, S. R. Ranganathan, ya kafa dokoki biyar a 1931, ta huɗunsu tana cewa a tattala lokacin mai karatu. Da ita nake auna kowane laƙabi: zan taɓa neman littafi da wannan kalmar? In a'a, ba na sa shi. Laƙabi goma sha biyar zuwa ashirin na fanni sun ishi yawancin mutane.

Abin da ya fi laƙabi amfani a wurina gurbi biyu ne da na ƙirƙira da kaina, don Calibre tana ba da wannan damar. Na farko na kira shi Matsayi, amsarsa huɗu ce kawai: ban fara ba, ina kai, na gama, na ajiye. Na biyu na kira shi Dalili, kuma shi ne ya sauya mini karatu. Duk littafin da zai shiga, sai na rubuta layi ɗaya a kan abin da ya kawo shi: "an ambace shi a babi na uku na wanda na gama jiya", ko "ina so in gane yadda hauhawar farashi take faruwa", ko "abokina ya ce in ban karanta komai ba in karanta rabinsa na biyu". Daƙiƙa ashirin yake ci. Bayan shekara biyu, suna da bango ba za su tuna maka komai ba, amma layin nan zai dawo maka da ƙishirwar da ta sa ka ɗauko littafin, ko kuma ya nuna maka ta riga ta wuce. Mai folda ma yana iya yin haka a jadawalin Excel ko a ƙaramin littafin rubutu.

Wannan ya kawo mu kan zaɓi. Mutane da yawa shafukan masu karatu suke miƙa wa wannan aikin. Goodreads ta fara a 2007, Amazon ya saye ta a 2013, kuma ita ta fi yawan jama'a da sharhi. Matsalarta jerin "ina son karantawa" ba shi da ƙofa, dannawa ɗaya ce, sai ya kumbura ya zama rumbu na biyu wanda ya cakuɗa abin da kake da shi da abin da ba ka da shi. Taurarin da ake bai wa littafi kuma ɗanɗanon taro ne, ba su san abin da kake nema a wannan makon ba. StoryGraph, wadda Nadia Odunayo ta kafa a 2019, ta fi kusa da tambayarmu, domin tana tace littattafai ta yanayi, da saurin tafiyar labari, da yawan shafi, kuma tana karɓar jerin da ka fitar daga Goodreads. In ƙagaggun labarai ne yawancin karatunka, ita zan nuna maka. LibraryThing ta Tim Spalding, tun 2005, ta fi su ingancin bayanai don tana ɗaukowa daga kundayen manyan ɗakunan karatu, kuma kyauta ce tun 2020, amma ƙarfinta a lissafin abin da ka mallaka yake. Dukansu uku ba sa riƙe fayil ɗin kansa, kuma littattafan da ba su da ISBN ko waɗanda aka rubuta da harsunan da ba su yawaita a intanet ba, sau da yawa sai an shigar da su da hannu.

Akwai masu barin ƙuri'a ta yanke hukunci, kuma Calibre tana da umarnin da zai zaɓo maka littafi haka kawai. Amfaninsa yana tono waɗanda suka nutse a ƙasan tari, sannan abin da ka ji a ranka da ganin sunan shi ne amsar: ko ka yi murna, ko ka ji hannunka yana son sake dannawa. Ya dace da labarai da waƙoƙi. Bai dace da karatun fanni ba, inda wani littafin tsani ne na hawa wani.

Hanyar da na tsaya a kanta ita ce gajeren layi. Littafi biyar kawai nake turawa na'urar da nake karatu da ita, sauran duk suna kwamfuta. Ba na barin biyar ɗin su zama iri ɗaya: akwai mai nauyi da ke son natsuwa da alƙalami a hannu, akwai labari na lokacin gajiya, akwai gajere da za a gama a zama biyu, akwai wanda ya daɗe yana jira, na biyar kuma sabon da zuciya take ɗoki. Ta haka kowane hali na samu kaina a ciki akwai wanda ya dace da shi, kuma zaɓi a tsakanin biyar ba ya cin dare. Sabo ba ya shiga sai wani ya fita. Fita kuwa ba lallai sai an gama ba. Ma'aikaciyar ɗakin karatu ta Amurka, Nancy Pearl, ta yi suna da wata ƙa'ida: ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye shi, in kuma shekarunka sun haura 50 ka cire su daga 100, abin da ya rage shi ne shafin da za ka ba shi. Ba na bin lissafin ƙeƙe-da-ƙeƙe, littafin ilimi yakan buƙaci haƙurin da ya fi haka. Amma shi ya sa na bar amsar "na ajiye" a gurbin Matsayi, kuma nakan ƙara shafin da na tsaya da abin da ya tsayar da ni, don wani littafin lokacinsa ne bai yi ba.

In za ka fara, kada ka ce sai ka gyara dubun nan kafin ka buɗe shafi. Ka fara kwafar tarin yadda yake zuwa wani faifai daban, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma faifai ba ya sanarwa kafin ya mutu. Sannan ka zuba su duka a Calibre, ka ɗora mata wani ƙarin kayan aiki mai suna Find Duplicates ya zaƙulo maka tagwaye, ka sa wa kowa "ban fara ba" a bugu ɗaya, ka gyara na waɗanda ka tuna ka gama. Daga ranar, sababbi ne kawai za su shiga da cikakken bayani da Dalili. Tsofaffin ana gyara su ne idan hanya ta biyo ta kansu: duk lokacin da gurbi ya buɗe a cikin biyar ɗin, ka leƙa tagar waɗanda ba ka fara ba, ka duba goma, ka gyara bayanansu, ka ɗauki ɗaya. Wanda ka kalla ka kasa tuna abin da ya kawo shi, ba sai ka goge ba, EPUB na labari da wuya ya wuce megabait kaɗan. Ka liƙa masa laƙabin "baya", ka gyara binciken tagar yadda masu wannan laƙabin ba za su riƙa fitowa ba.